Ranar da Kaka Ta Wanke Ƙwayayen Rediyo

Shekaranjiya na kai wayata gyara wani ɗan shago a Wuse. Ina tsaye ina jira, yaron shagon ya ɗora ƙarfensa mai zafi a kan dalma, wani siririn hayaƙi ya tashi ya shige mini hanci. Wallahi ban san sanda na shagala ina kallon bango ba, har sai da yaron ya ce, “Madam, lafiya dai?” Na ce masa lafiya lau. To ta ina zan fara masa bayani, ga mutane a bayana suna jira? Amma kai da ka zauna karatu kana da lokaci, bari in ba ka labarin inda warin nan ya mai da ni.

A Kuje na tashi. Babana ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya a cikin gari, sai dai hayar cikin gari ta fi ƙarfin albashinsa, don haka ya sayi fili a Kuje ya riƙa ɗora bulo a hankali har ya zama gida. Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Kuɗi ya shigo Abuja ta ko'ina, tifofi na ta zirga-zirga da yashi, wanda ka sani jiya da silifas yau ya zama ɗan kwangila, mai wayar hannu kuwa ba ya sa ta a aljihu, a hannu yake riƙe ta kowa ya gani. Amma mu har lokacin gonakin doya ne a bayan katangarmu. Da safe matan Gbagyi na wucewa da itace a kafaɗa, da bazara kuma mangwaro ya yi ta faɗowa a kan kwanon ɗaki har ya hana mutum barcin rana.

Ina 'yar firamare aka ɗauko kakannina daga gida arewa suka dawo wurinmu. Kakana namiji, wanda kowa ke kira Malam har matarsa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, mai tsare gida. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun, iyakar ganinsa ya ce an yi haske ko an yi duhu. Ita kuwa Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai ɗan karen faɗa da tsabta. Ko cokali na wanke sai ta ɗaga shi sama ta duba, ta ce, “Wanke shi kika yi ko gaishe shi?” Kowace la'asar sai ta zare ƙwan fitila ta goge shi da toka da tsumma, domin ta ce wutar Abuja ba ta da alƙawari. Gaskiyarta kuwa.

Da rediyonsa Malam ya zo. Babana ya ce tun daga gida har Kuje a kan cinyarsa ya riƙe shi, ya ƙi yarda a sa a but ɗin mota. Ba irin rediyon da ka sani ba ne. Akwati ne na katako mai nauyin tsiya, ya girmi babana, an lulluɓe gabansa da wani yadi mai ruwan zinariya, ƙasa da yadin gilashi ne ɗauke da sunayen biranen duniya, sai wani ɗan ido kore a gefe da ke buɗewa ya tsuke in ana neman tasha. In an kunna shi ba ya magana nan take. Sai ya yi shiru ya ɗau zafi tukuna, sannan murya ta taso daga nesa a hankali, da wani gurnani a ƙarƙashinta da ba ya ɗaukewa. Malam kan ce wannan shi ne mai hankali, sai ya yi tunani yake magana, ba kamar jikokinsa ba. An rufe bayansa da wani kwali mai huji-huji. Ni aikina ke nan da yamma, in durƙusa a bayan teburin in leƙa ta hujin. Ƙwayaye ne na gilashi a tsaitsaye, dogaye da gajeru, kowanne da ɗan jan garwashi a cikinsa, ga ɗumi yana bugun fuska. Malam bai san kowa a Kuje ba, abokansa duk suna can gida ko suna kabari. Akwatin nan shi ne majalisarsa, tun daga hantsi har a yi kiran isha'i.

Baffana, ƙanin babana, direba ne a wani gida a Maitama. Ogansa na cikin masu kuɗin nan da ke sayen tsofaffin kaya su jera a falo don kallo. Wata Asabar Baffa ya zo da zancen cewa oga zai sayi rediyon da tsada, a sai wa Malam sabo mai kaset. Yana magana yana kwance ƙusar bayan akwatin a hankali, wai zai duba cikin ya kai labari. Ya manta idon Malam ne ya mutu, ba kunnensa ba. Sai muka ji sanda ta bugi ƙasa.

“Ajiye. Ku saurara duk, manya da yara. Duk wanda ya buɗe bayan rediyon nan ba da sanina ba, ban yafe masa ba.”

Baffa ya mai da ƙusar. Kaka na bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ta ce, “Haba Malam, a kan akwati?” In ba a irin gidajenmu ka tashi ba, wataƙila ka ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai. A wurinmu zagi ya fi wannan magana sauƙi, duka ma ya fi ta sauƙi, domin ita ba a duniya take tsayawa ba, bin mutum take har inda za shi. Balle a ce tsakanin uba da ɗa ne, ko miji da mata. Daga ranar ko shara kake yi, in ka zo teburin nan sai ka kewaye.

Aka kwana biyu, maganar ta lafa. Wata shekara da damina ta faɗi, aka samu wani likitan ido a cikin gari da ya ce yanar nan tana ciruwa. Aka kwantar da Malam. Babana da Ummana kullum suna can wajen jinya, ba sa dawowa sai bayan magariba, gida ya rage daga ni sai Kaka sai ƙannena ƙanana. Sai ga albishir, an yi aiki an dace, in an cire bandeji ana sa ran zai gani.

Kai, tunda Kaka ta ji wannan labari ba ta ƙara zama ba. Ta fitar da tabarmi da buzu da katifa tana shanyawa duk sanda rana ta leƙo tsakanin hadari. Ta wanke bangon ɗakin Malam da soso. Ta dirje butarsa har ta yi ƙyalli, ta wanke carbinsa ƙwaya-ƙwaya, ta sa ni na kwashe ruwan randarsa, wata jar randa da aka sayo masa daga Ushafa, muka ɗauraye ta muka turara. Har lalle ta sa a ƙafa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na ce, “Kaka, amarya za a kai?” Ta jefe ni da soso ta ce, “Ja'ira! Mutum ya yi shekaru bai ga ɗakinsa ba, so kike ya buɗe ido a kan ƙazanta?”

Ranar da abin ya faru na dawo daga makaranta, ina cikin sallama sai na hango ta a bakin rariya ta miƙe ƙafa, ga roba da ruwan kumfa a gabanta. A gefenta faifai ne, an jera wasu abubuwa na gilashi suna sheƙi a rana. Sai da na matso na gane su. Jakata ta suɓuce ta faɗi.

“Kaka! Ƙwayayen rediyon Malam ne!”

“Na ce miki na agogo ne? Dubi yadda hayaƙi ya cinye kawunansu, shekara da shekaru ba wanda ya goge. Na zo share bayansa na leƙa, saƙar gizo har da ƙwan kyankyaso. Sai dai baƙin nan ya ƙi fita, kamar daga ciki yake.”

Tana magana tana dirzar ɗaya da toka. Da gaske kowanne akwai wani baƙi mai ƙyalli a kansa, irin na ƙwan fitilar da aka bar wa lagwani ya yi tsawo. 'Yan rubuce-rubucen da ke jikinsu kuwa duk sun bi ruwa, gilashin ya yi fes.

Na ce, “Kaka, kin manta abin da ya ce ranar da Baffa ya zo?”

Hannunta ya tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi faifan, ta dubi wuƙar da ta kwance ƙusoshin da bakinta tana yashe a ƙasa. Can ta ce, a hankali, “Ai da yara yake.” Ni kuwa da bakina da ba ya shiru na ce, “Manya da yara ya ce.” Ta yi salati, ta ce, “Na shiga uku. Garin neman gira!” Mantuwa ce ta gaskiya. Ɗokin dawowarsa ya shafe mata komai, ta ga baƙi a gilashi hannunta ya yi abin da ya saba yi kowace la'asar.

Ta ce in tsaya a ƙofa kada ƙannena su shigo su kai labari, ita ta goge su da zani ta shiga mayarwa. Matsalar ita ce ƙafafunsu duk iri ɗaya ne, kowanne na shiga kowane gurbi, kuma ba ta lura da inda ta cire kowanne ba. A wurinta duk ƙwai ƙwai ne. Ta cusa su ta rufe. Ba wuta ranar, muka kwana da zullumi. Da safe na leƙa ta huji na ga wanda ta fi dirza kansa ya koma fari fat kamar an shafa masa alli. Kaka ta ɗan ji sanyi, ta ce to ko ba komai ɗaya ya fita. Ranar ba makaranta. Da hantsi aka kawo wuta, ta ce in kunna. Muka jira ya ɗau zafi, muka yi ta jira. Idon nan kore bai buɗe ba, murya ba ta zo ba, sai wani ƙauri, sai ga hayaƙi yana fitowa ta hujin baya. Na fizge wayar daga bango.

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar ba ta ci tuwo ba, washegari ma shayi kawai ta kurɓa. Ta daina yi wa kowa faɗa. Da gangan na bar kwano da maiƙo a hanyarta, ta gani ta wuce, a nan na tsorata da gaske. Ummana ta tambaye ta ko jikin ne, ta ce ɗan zazzaɓin damina ne. Ni kaɗai ta gaya wa, muna tsakar gida ina mata tsifa, kamar ba da yarinya take magana ba.

“Tun ina 'yar yarinya nake gidan mutumin nan, bai taɓa kwana da fushina ba. Sai yanzu da ƙafata ɗaya ke kabari zan ɗauko wannan? In akwatin nan ya tashi, ina da bakin da zan roƙe shi gafara. In bai tashi ba, na kashe masa abokin zama, da wane baki?”

Ni na tuna da wani mai gyara da nake wucewa ta shagonsa a bayan kasuwa in za ni makaranta. Muka jira su Babana suka fita. Kaka ta naɗe rediyon da tsohon bargo, ta lulluɓa leda saboda yayyafi, muka kira mai baro. Ita da ba ta zuwa ko'ina sai barka da gaisuwar mutuwa, ranar ta zura takalmi ta ja mayafi ta bi baro cikin taɓo har kasuwa, hannunta ɗaya a kan kayan, tana ta ce wa mai baron ya bi a hankali, ba doya ya ɗauko ba. Maƙwabciyarmu, wadda muka bar wa ƙannena, ta ce ina zuwa da kaya haka. Kaka ta ce, “Asibiti,” ta wuce abinta.

Shagon ɗan ƙarami ne mai rufin kwano, cike da gawarwakin talabijin har sama. Mai shi tsoho ne ɗan Filato, Kirista, tabaransa a ɗaure da zare, da wani ɗan gicciye na katako a rataye bisa teburinsa. Hausarsa irin tamu ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Da aka yaye bargon sai ya miƙe tsaye ya shafa katakon, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana yaron shago a Jos. Ya ɗauko abin kwance ƙusa ke nan Kaka ta ce ya dakata. Ta gaya masa komai ba ta rage ba, maganar Malam, da wankin, da hayaƙin. Ta ce ba za ta jefa shi cikin abin da bai sani ba. Na ɗauka dariya zai yi, sai na ga ya ajiye abin hannunsa a hankali.

“Kai, Mama, bakin tsoho ba wasa ba. Mu ma a wurinmu haka ne. Ni ba zan buɗe ba.”

Kaka ta fara gyara mayafi za ta juya. Mai gyara ya sosa gemu, sannan ya ce, “Amma tsaya. Baba ya ce wanda ya buɗe, ko? Bai ce wanda ya gyara ba. Kai ka riga ka shiga ciki, Mama. To kai ka buɗe, ni in yi aiki.”

Kaka ta auna maganar ta juya ta, ba ta ga inda ta gurgunce ba. Ta karɓi abin, ta yi bisimilla, ta kwance ƙusoshin da hannunta tana cewa ita dai ta riga ta jiƙe.

Ya leƙa, ya kama baki. Ya zaro ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, shi bawul yake ce musu, yana juya kowanne a haske yana neman lambarsa, babu. Ya tambaye ta da me ta wanke, ta ce toka da sabulu. Ya ce, “Ya Yesu!” Sannan ya yi mana bayani. Baƙin nan ba hayaƙi ba ne, tun wurin ƙira aka sa shi ta ciki, kuma muddin yana nan baƙi da ƙyalli, bawul na da rai. Ya ɗaga farin nan da Kaka ke tinƙaho da shi, ya nuna mana ɗan tsinin kansa inda ya tsage. Iska ta shiga, in ji shi, wannan ya mutu, ba mai tashinsa. Kaka ta ce, “Wanda ya fita ɗin?” Ya ce, “Shi fa.” Ta rufe fuska da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba.

Tunda ba lamba, sai ya koma gane su da ido. Ya ɗaga kowanne ya leƙa 'yan ƙarafan cikinsa kamar mai duba ƙwan zabi a rana, ya kifar da cikin rediyon ya bi wayoyin kowane gurbi da ɗan yatsa yana magana shi kaɗai. Ya ce, “Yarinya, zo ka riƙe mini tocila.” Wasu dogaye biyu ne suka ɗan tsai da shi. Na ce masa mai ƙarafa biyu jere da juna a kusa da wani baƙin ƙarfe mai nauyi yake tsayawa, kullum ina ganinsa ta huji. Ya sake bin wayoyin ya ce su ma haka suka ce. Ya gano abin da ya ƙone, wani ɗan abu bai fi ƙwayar wake ba, ya yi ƙurmus. Ya cire shi ya liƙa wani da dalma, hayaƙin na shiga mini hanci ina riƙe da tocila hannuna ya gaji amma ban yarda na sauke ba. Ya kuma canja wani ɗan gwangwani da ya ce ya kumbura da tsufa, ya ce wannan kyauta ce.

Sai maganar mamacin. Ya ce ba a sayar da irinsa a Abuja, ko Legas ma sai an sha wuya. Ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur. Ciki tsofaffin safa ne a ƙudundune, kowace da bawul a cikinta, tun daga Jos yake yawo da su, matarsa ta sha ce masa ya zubar. Ya yi ta warwarewa yana gwadawa da mamacin yana girgiza kai. Kaka na zaune a kan benci tana jan carbi, idonta a kan gwangwanin yana ta raguwa. Saura kaɗan a ƙasa ya tsaya a kan wani, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce kamanninsu ɗaya, amma ko yana da rai sai an gwada, domin ya manta shekarar da ya sa shi a safa.

Ya gama jerawa ke nan aka ɗauke wuta. Mai aski na kusa da shi ya ce a jawo daga janaretonsa, mai gyara ya ƙi, ya ce tsohon rediyo ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Ruwa ya kece a kan kwano har ba ma jin juna. Ya aika aka sayo mana gasasshiyar masara, ni na ci tawa na ci ta Kaka. Da azahar ta yi ya shimfiɗa mata kwali a lungu tsakanin talabijin, ya tari ruwan sama a roba ya ba ta ta yi alwala, ya fita bakin shago ya tsaya har ta idar. Ta daɗe a sujada ranar.

Wajen la'asar muka ji yaran kasuwa sun ɗau ihu, an kawo wuta. Bai sa rediyon a bango kai tsaye ba. Ya haɗa wani ƙwan lantarki a tsakani, ya ce in ƙwan ya haska tar ya tsaya a haka, akwai matsala, in ya haska ya dushe, an dace. Ya kunna. Ƙwan ya haska tar, sannan a hankali ya dushe ya koma ja. Garwashin ƙwayayen ya fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Baƙon nan na cikin safa ya ƙi, ya ƙi, har Kaka ta miƙe tsaye, sai can muka ga ɗan ja ya bayyana a cikinsa. Idon nan kore ya buɗe. Wata murya ta taso daga nesa, wani mutum yana ta zuba Faransanci, ba wanda ya san abin da yake cewa a cikinmu, amma ban taɓa jin magana mai daɗinta ba.

Kaka ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta koma ta zauna, ta yi hamdala ta sake yi. Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi shagon sama da ƙasa, ta ce, “Amma fa wurin nan naka yana son shara.” Mai gyara ya ɗaga hannu biyu ya ce, “A'a, Mama! Don Allah kada ka taɓa komai!” Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ta rufe bayan da hannunta, ta kwance bakin zani ta sallame shi, ta sa masa albarka har sai da ya ji kunya.

A hanya na ce, “Kaka, shi ke nan, yanzu ba wanda zai sani.” Ta tsaya cikin taɓo ta harare ni. “Allah fa? Ke kina tsammanin don in ɓoye na kai shi gyara?”

Da aka sallamo Malam, da baƙin tabarau ya shigo, babana na riƙe da hannunsa amma shi ke jan babana. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi bishiyar mangwaro, ya dubi sama, ya bi mu da kallo ɗaya-ɗaya yana gane mu da murya yana haɗawa da fuska. Ni ya ce ashe amaryar tasa ba ta da kyau, da ya sani da bai biya sadaki ba. Aka yi ta dariya, maƙwabta suka cika gida da barka. Kaka na daga baya-baya. Da mutane suka watse ya shiga ɗakinsa ya zauna a kan buzu, ya ce in kunna masa rediyo. Na kunna. Murya ta zo, tas. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe a haka.

“Ina gurnaninsa? Wa ya taɓa mini rediyo?”

Ashe gwangwanin nan da mai gyara ya canja kyauta ne ya ɗauke gurnanin. Babana ya dubi Ummana, ba su san komai ba. Sai Kaka ta shigo, ta dafa bango ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, a gaban ɗanta da surukarta da jikarta. Ta ce, “Ni ce, Malam. Ni na buɗe, sau biyu ma. Na wanke ƙwayayensa da toka na kashe ɗaya, na kai shi kasuwa aka sa wani. Ba wanda ya sa ni.”

Malam ya ce in juyo masa da bayan rediyon. Ya cire tabarau, ya sunkuya ya leƙa ta hujin kamar yadda nake yi, ya ga ƙwayayen suna ta sheƙi. Ya ce, “Me ya kai ki?” Ta ce, “Na ce za ka buɗe ido, kada ka ga ƙazanta.” Ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta, tun daga furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali har lallen ƙafarta.

“Ashe haka kika tsufa?”

“Kai ma ka nemi madubi,” in ji ta.

Ya yi murmushi. Ya ce, “Tashi. Na yafe miki, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini. Magana zarar bunu ce, na yi ta cikin fushi ban duba wa za ta faɗa wa ba.” Kaka ba ta tashi ba. Ta ce, “Da mai gyaran, shi bai buɗe ba, amma ya sa hannu.” Ya ce shi ma. Ta ce, “Da 'yar nan, ita ta riƙe tocila.” Ya ce wannan kam sai ya yi shawara. Sai a lokacin ta fashe da kuka, Ummana ta ɗago ta. Da daddare ta cinye tuwo malmala biyu, ta ɗaga cokalin da na wanke ta ce in koma in sake.

Malam ya ƙara shekaru yana karanta Alƙur'aninsa da idonsa. Kaka ce ta riga shi tafiya, kuma ta tafi ba ta ɗauke da komai nasa. Yanzu inda gonakin doyar nan suke rukunin gidaje ne masu geti, shagon mai gyara ya zama wurin sayar da katin waya, shi kuwa na ji ya koma Filato da gwangwaninsa. Rediyon yana falona, ya yi shiru tuntuni, na rasa wanda zai taɓa shi. Kowa na tambaya sai ya ce in sayi sabo.

Kwanan baya ina kicin na jiyo ƙarar ƙusa tana juyawa. Na fito na tarar da 'yata, wadda aka sa wa sunan Kaka, a durƙushe a bayan rediyon, waya a hannu ɗaya tana kallon yadda ake gyara irinsa, abin kwance ƙusa a ɗayan. Raina ya ɓaci. Na buɗe baki, wallahi maganar Malam ce ta zo mini kan harshe, kalma da kalma. Na haɗiye ta. Yarinyar ta ɗago tana kallona a tsorace.

Na ce, “Buɗe, na yafe miki tun kafin ki fara. Amma in kin ga baƙi a jikin gilashi, ki bar shi.”